Filin Gida da Kiwo: Idan Cikin Kyanwa Ya Ɗaure

A wannan karo za mu bar kaji da tumaki su huta, mu waiwayi wata ma'aikaciya da ke kusan kowane gida a Zango, wadda ba ta karɓar albashi, ba ta kuma zuwa hutu, wato kyanwa.

Abin da ya jawo maganar shi ne abin da ya faru a gidanmu cikin hunturun da ya wuce. Muna da wata tsohuwar kyanwa da ta yi shekara tara tare da mu. Sai muka lura ta daina cin abinci, tana yawan zuwa bayan ɗaki inda ta saba tona ƙasa, ta tsuguna ta yi ta nishi, ta tashi ba ta ajiye komai ba. Da farko yara dariya suka yi ta yi. Da aka kwana uku a haka, sai shawarwari suka fara shigowa. Wata maƙwabciya ta ce a ɗauko bentua a yi mata da citta kamar yadda ake yi wa yara, wani kuma ya ce a jefa mata farasitamol guda ɗaya. Allah ya taimake mu ba mu bi ko ɗaya ba, muka sa ta a kwali muka nufi ofishin likitan dabbobi.

Likita ya taɓa cikinta ya ce kashi ne ya taru ya yi tauri kamar tsakuwa. Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya wanke mata hanji da ruwan ɗumi, sai ga ƙayar kifi da gashi a dunƙule. Sa'an nan ya tambaye mu ko tana da kwanon ruwa nata na kanta. To, a nan ne kunya ta kama mu, domin mu da muke koya wa yara kiwon lafiya a aji, shekara tara ba mu taɓa ajiye wa kyanwarmu ruwa ba. A makon da ta yi tana jinya kuwa, ɓeraye suka huda buhun masara, suka kuma ci gefen littattafan 'yan makaranta da muka kawo gida don dubawa.

Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, ƙasashen da ruwa ya yi ƙaranci, saboda haka ba ta cika jin ƙishirwa ba. A daji, daga abin da ta kama take samun ruwanta, domin kusan kashi 70 cikin 100 na jikin ɓera ruwa ne. Mu kuwa me muke ba ta? Kan kifi banda, da ƙaya, da ragowar tuwo ko dokunu da ya kwana ya bushe. Busasshen abincin kyanwa na kanti ma ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Kyanwa mai nauyin kilo 4 tana bukatar ruwa wajen mililita 200 a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato bai kai rabin ledar ruwan da muke saya a bakin hanya ba. Amma ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba ta samu.

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga kashi kafin ya fita. Idan jiki ya rasa ruwa, sai hanjin ya ƙara tsotsa, kashin ya bushe. Idan ya bushe, fitarsa ta yi zafi, kyanwa ta riƙe shi, kuma iya daɗewarsa a ciki iya ƙarin bushewarsa. In aka bar abin yana maimaituwa wata da watanni, hanjin kan buɗe ya saki, ya kasa tura komai, har wani lokaci sai an yi aiki an yanke shi.

Ban da rashin ruwa akwai wasu dalilai. Akwai gashin da take haɗiyewa wajen lasar jiki, da ƙashi da ƙaya. Akwai ciwon ƙoda, wanda ya yi yawa ga tsofaffin kyanwoyi, yana sa su yawan fitsari har jiki ya bushe. Akwai wadda mota ko babur ya taɓa bugewa, ƙashin ƙugunta ya karye ya warke a tsuke, hanya ta ƙuntata. Akwai kuma ƙiba, da ciwon gaɓoɓi, da rashin wuri mai tsabta, domin kyanwa ta gwammace ta riƙe da ta tsuguna a ƙazanta.

Lafiyayyiyar kyanwa takan yi kashi kamar sau ɗaya a rana. Idan aka kwana biyu ba a ga komai ba, ko ana ganin 'yan ƙanana busassu, ko tana kuka wajen yunƙuri, to cikinta ya ɗaure. Wani lokaci ɗan ruwa-ruwa mai majina yakan zubo ta gefen taurin, mutum ya ɗauka zawo ne, alhali kuwa akasin haka ne.

A nan muna roƙon masu karatu su buɗe kunne da kyau. Idan muzuru ne yake tsugunawa yana nishi, a duba ko yana fitsari. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, takan toshe, kuma a ido tsugunon iri ɗaya ne da na ɗaurewar ciki. Muzurun da fitsari ya tsaya masa yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. In ba a ga jiƙaƙƙiyar ƙasa a inda ya tashi ba, kada a jira gobe, a kai shi wurin likita a ranar.

Idan kuwa abin bai yi nisa ba, kyanwa tana ci, tana yawo, ba ta amai, ga abin da za a iya yi a gida. Na farko, a ajiye mata ruwa mai tsabta a faffaɗan kwano a wuri biyu ko uku, nesa da inda take kashi, a riƙa sauyawa kullum. Na biyu, a jiƙa abincinta da romon kifi ko na kaza wanda aka dafa ba gishiri, ba albasa, ba tafarnuwa, a kuma cire ƙaya da ƙashi tas. Na uku, a dafa kabewa zalla a dama ta, a gauraya mata ƙaramin cokalin shayi ɗaya a abinci, sau ɗaya ko sau biyu a rana. Na huɗu, a riƙa taje mata gashi, a sa yara su yi wasa da ita don ta motsa jiki, a kuma zuba mata yashi mai tsabta a wani lungu da babu hayaniya.

Abubuwan da za a guje wa sun fi waɗannan muhimmanci. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Bentua da citta ko barkono ko ruwan sabulu yana ƙona mata hanji, haka nan maganin matsawa ta dubura na mutane da ake sayarwa a kemis, wani irinsa yana da sinadarin da ke kashe kyanwa. Kada a ba ta filasko ko kanwa. Kada a danne ta a ɗura mata mai ta baki, domin yana iya wucewa huhu ya jawo ciwon da ya fi na farko. Madara ma ba magani ba ce, yawancin manyan kyanwoyi ba sa narkar da ita, zawo take sa su, su ƙara bushewa. Ku kuma teloli, in kun ga zare ya leƙo ta duburarta, kada ku ja, yana iya yanka hanji.

Idan an yi kwana biyu da dabarun gida ba canji, ko ta daina ci, ko tana amai, ko ta kwanta ba ƙarfi, ko an ga jini, to aikin ya koma hannun likita. Shi ne zai auna ta ya ba da maganin laushin kashi, irin su laktulos, daidai nauyinta. Mun san wani zai ce ina mutum ya ga kuɗin kai kyanwa asibiti. Gaskiya ne, amma a lissafa kuɗin buhun masara ɗaya tukuna. Bayan haka, malamanmu sun sha tuna mana cewa dabbar da muka ajiye amana ce, za a tambaye mu cinta da shanta.

Tamu dai ta warke, ta koma bakin aikinta, kuma cika kwanon ruwanta ya zama aikin autanmu kowace safiya kafin ya tafi makaranta. Muna fata kowane mai karatu zai leƙa tsakar gidansa yau ya ga ko tasa kyanwar tana da inda za ta sha.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.