Kunnena Ba Mallakar Harman Ba Ne

Ashe har mun kai inda mutum zai zauna gaban kyamara ya yanke wa iyafis na dala 2,000 hukunci alhali bai taɓa sa shi a kunne ba. Abin da wani mai bita ya yi ke nan kwanan nan a YouTube. Ya ɗora zanen awon na'urar a kan layin Harman, wato zanen da ake ɗauka ma'aunin sauti mai kyau, ya nuna inda suka raba hanya, ya ce masu ƙera ta sun yi kuskure, kuma wai ba sai ya ɓata lokacinsa yana saurare ba. Mabiyansa suka yi ta jinjina masa. Wannan rashin kunya ce, kuma lokaci ya yi da za a faɗa.

Su waye suka naɗa layin Harman sarki? Sean Olive da Todd Welti da abokan aikinsu a kamfanin Harman, wanda Samsung ta saye a 2017, sun tara mutane, sun sa musu waƙoƙi, sun tambaye su wane sauti ya fi musu daɗi, sannan suka fitar da matsakaicin amsa. Sun fitar da na iyafis a 2017, suka gyara shi a 2019. Aiki ne mai kyau, na kamfanin da ke son sanin abin da zai fi shiga kasuwa. Amma su kansu masu binciken ba su taɓa cewa kunnen kowa ɗaya ba ne. A nazarin da suka gabatar a 2019 kan manyan na'urorin da ke rufe kunne, kusan kashi 64 cikin ɗari ne suka zaɓi layin, kashi 15 suka nemi ƙarin bes, kashi 21 suka ce a rage. Ke nan cikin mutum uku, sama da ɗaya bai gamsu ba. Almajiran layin ba sa karanta wannan ɓangaren. Malam ya ce galibi, su sun fita kasuwa suna shelar dole.

Sannan a duba abin da ake awon da shi. Wani ɗan bututun ƙarfe ne da ake kira 711, tsarinsa tun 1981 yake, an yi shi don ya kwaikwayi ramin kunnen mutum. Yawancin masu bita ma ba na asali ne da su ba, kwaikwayon China ne mai araha. Ko na asalin, da sauti ya haura wajen kilohaz 10 ba a rantsuwa da abin da ya nuna. Tsinin nan da ake gani a kilohaz 8 a kusan kowane zane, zurfin da aka cusa iyafis ɗin ne ke sa shi a wurin. Ka ƙara tura shi ciki, tsinin ya matsa gaba. Ramin kunnenka bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, yana da lanƙwasa irin tasa, kuma na dama ma ba lallai ya yi daidai da na hagu ba. Cire robar bakin iyafis ka sa ta soso, ka ji yadda kaifin kuge ke dusashewa, bes ya ƙara cika. Robar da ba ta toshe kunnen sosai ba kuwa, bes ɗin gaba ɗaya sai ya zube. Duk wannan a kunnenka yake faruwa, bututun ƙarfe bai san da shi ba.

Za su ce ai kimiyya ce. To, kimiyyar da ke sauya alƙibla duk bayan 'yan shekaru? Da na'urar awo ta B&K 5128 ta shigo hannun masu bita, sai ga waɗanda jiya suke tsine wa duk wanda ya kauce wa Harman sun koma wani sabon layi mai suna JM-1, suna cewa ai Harman na da tsawa a wajen kilohaz 3, kuma muryar maza na fita a rame. Mu da muka faɗi haka tun farko da kunnenmu, cewa aka yi ba mu waye ba. Har yau ba wanda ya ba mu haƙuri.

Wannan ne ma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: raina mai son bes. Da zarar ka ce kana son ka ji ganga ta doki ƙirjinka, sai a kalle ka kamar wanda bai san sauti ba. Waƙoƙin da aka gwada layin nan da su, irin su na Tracy Chapman da Jennifer Warnes ne, an naɗe su a manyan situdiyo na Amurka. Wa ya gwada shi da kalangun Mamman Shata? Wa ya sa kuntigin Ɗanmaraya Jos ya ji abin da ɗagin kilohaz 3 ke yi masa? Tsofaffin faya-fayenmu tun asali sirara ne, ƙasan sautinsu kaɗan ne, samansu na da ƙara. Ka sa su a iyafis da aka saita daidai da layin Harman, kuntigin nan sai ya riƙa sukar dodon kunne, muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Ka sauya zuwa wanda ya ɗan cika tsakiyar sauti ta ƙasa, nan take za ka ji fatar kalangu tana miƙewa tana saki a hammatar makaɗi, 'yan amshi su matso kusa da kai. Idan zane ya ce na biyun ne mai kuskure, to zanen ne ya ɓata.

Rigimar nan tsohuwa ce, tun zamanin da ake musu a kan kaset da faifan CD, tsakanin masu awo da masu kunne. Kada masu sayar da kebul na dala 1,000 su ɗauka na koma ɓangarensu. Waɗancan mayaudara ne, kuma awo ne ya tona musu asiri. Sai dai masu awon, da suka ci wancan yaƙi, sai girman kai ya kama su. Yanzu kamfanonin China irin su Moondrop da Truthear sun gane cewa zane ake saya kafin sauti, suna haɗa gwiwa da masu bitar, ana buga sunan mai bita a jikin kwali. Wanda zai auna kaya shi ne abokin kasuwancin mai kaya. Sakamakon shi ne iyafis iri-iri, launi daban, suna daban, murya guda.

Kuma a tuna daga inda abin ya fito. A 1995 injiniyan sauti Jerry Harvey ya ƙera wa makaɗin ganga Alex Van Halen iyafis don ya riƙa jin kansa a dandali cikin hayaniya. Kunnen mutum ɗaya aka yi wa, da buƙatar mutum ɗaya. Har yau mawaƙin da ke da hali sai an ɗauki siffar ramin kunnensa kafin a ƙera masa nasa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai karatu, in za ka kashe kuɗinka, duba zanen don ka kauce wa na'urar da ta lalace tun daga masana'anta, iyakar amfaninsa ke nan. Daga nan nemi inda za ka gwada, ka je da waƙoƙin da ka haddace, ka sauya robar baki har sai ta zauna, ka saurara a natse. Mai bitar da ya yanke hukunci bai saurara ba, ka daina kallonsa.