Ba Kowane Akwatin Wuta Ne Na Yaron Wayarin Ba

Ranar Asabar a wajen wani ɗaurin aure a Barnawa, wani ɗan kwangila ya gyara zaman babbar riga ya ce da zarar an ba Kakuri wutar awa 20 masaƙu za su tashi, wai akwatin wuta ai duk ɗaya ne, yaron da ya yi masa wayarin ɗin gida ma zai haɗa na masana'anta. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa goron da ke bakina ya koma gawayi.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, taso mu je gindin taransifomar unguwarku. Ka ga akwatin ƙarfen nan da ƙofarsa ta yi ɓatan dabo tun zamanin NEPA? Shi ne na rabon wuta. Taransifoma ta sauko da ita daga bolt 11,000 zuwa 415, ta bi sandunan tagulla, ta rabu layi-layi, kowane layi da fis ɗinsa. Ya raba, in abu ya ɓaci ya yanke, shi ke nan. Mai rabon naman watanda ne, babu ruwansa da miyar da za a dafa.

Akwatin sarrafa inji kuwa direba ne. Buɗe shi ka ga siraran wayoyi fiye da ɗari, kowacce da lambarta, ga kwantakta, ga rile, ga 'yar kwamfutar da ake kira PLC, galibi bolt 24 kacal take ci. Shi ke cewa wane moto zai fara tashi, wanne zai jira, da wane gudu, kuma in zare ya tsinke ko an buɗe murfin inji, komai ya tsaya cak. Wanda bai iya karanta zanensa ba, makaho ne aka ba sitiyari.

Ban manta abin da ya faru da ƙanena mai injin ledar ruwa a Sabon Tasha ba. Layi ɗaya cikin uku ya riƙa faɗuwa, rile na ta kashe moto don ya cece shi. Aka kira gwanin wayarin. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce wannan abin wahala kawai yake ba ku, ya ƙetare shi da guntun waya. Kwana uku koyil ya ƙone, warinsa har bakin titi. Irin hannun nan ne ke ɗaura waya a gurbin fis a kowace unguwa, daga Narayi zuwa Television, sannan in gobara ta tashi a ce tsautsayi.

Za a ce ai wuta ce babbar matsalar masaƙu, da atamfar fasa-ƙwauri. Mun ji. Tun ina saurayi ake wannan waƙa. An kai farashin wutar Band A naira 225 a watan Afrilun 2024, ga tashar wutar Kudenda mai megawat 215 da aka ba da kwangilarta tun 2009. A je a yi ta lissafi.

Abin da ba a son a taɓo shi ne mutane. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Ina waɗanda suka san waɗannan akwatuna kamar tafin hannunsu? Wasu sun koma acaɓa, wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Yaran da Kadpoly ke yayewa da HND kuwa, har gobe ana ajiye su ƙarƙashin mai digirin da bai taɓa riƙe testa ba, don a ƙasar nan mai baƙin mai a riga yaro ne ko da ya yi furfura. Mun raina mai sana'a shekara da shekaru, yanzu muna mamakin ya gudu.

To Alhaji, ranar da wutar taka ta zo, ka kira yaron wayarin ɗin. Masu naɗin koyil na Panteka za su daɗe suna sa maka albarka.