Kafin Masu Awo Su Kafa Turaku

'Yan'uwa manoma, mu dubi Karu a Jihar Nasarawa. Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, gidaje suka bi hanyar Keffi, daga Mararaba har Masaka, suka cinye gonakin doya da dawa.

Ba mu ƙi hanya ba, ita ke kai amfanin gonarmu kasuwa. Amma bisa Dokar Filaye ta 1978, in gwamnati ta karɓi gona domin aikin jama'a, diyyar shuka da gini take biya, ban da ta ƙasar kanta. Saboda haka kowace ƙungiya ta tura wakilai ƙaramar hukuma tun yanzu. Su nemo takardun gonakinmu, su tambayi inda sabuwar hanya za ta bi, su roƙa a bar mana fadama.