Ba a sanin ƙasa daga cikin aji

Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka kuma raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana horar da ɗaliban labarin ƙasa. Shekara 3 ɗalibi yake yi kafin ya sami lisansi, kuma kayan da ke kansa ba kaɗan ba ne: darasin yanayi, ƙidayar jama'a, zanen taswira, lissafin ruwan sama.

Amma ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000 ba a saninta daga kan benci. Tilas ɗalibi ya taka Gulbin Maraɗi, ya auna zaizayar ƙorama, ya bi burtali, ya saurari manomi da makiyayi. Wannan fita tana cin kuɗin mota da guzuri, ɗan talaka kuwa ba shi da halinsu.

Saboda haka wajibi ne mahukunta su ware kuɗin fita daji, magadan gari da sarakuna kuma su sauki waɗannan baƙi hannu biyu. Ɗalibin yau shi ne zai shata iyakar gona da makiyaya gobe. In aka bar shi da littafi kaɗai, to talakawa ne za su biya kuɗin kuskurensa.