Rance Ya Fi Faɗuwar Farashi Illa a Kasuwar Hannun Jari

Falke a mayankar Oko-Oba da ke Agege, dab da Abule Egba, ba ya biyan kuɗin bijimi sai ya duba haƙori, ya shafa tozo. Amma daga 2005 zuwa 2007, bayan Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa kowane banki mallakar jarin Naira miliyan dubu 25, jama'a a Legas sun yi rububin sayen hannun jarin bankuna bisa maganar dillali kawai. Shi kuwa dillali, tun ranar ciniki la'adarsa ta fita.

Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Shekara guda bayan haka ya gangaro zuwa wajen 20,000.

Sai dai hasarar ba ɗaya ba ce. Wanda ya saya da rarar kuɗinsa ya ji jiki, amma shagonsa na buɗe, yana da halin jira. Wanda ya ci rancen banki ya saya, ya jinginar da hannun jarin, shi ne ya shiga uku: darajar jinginar ta zube, bashi da kuɗin ruwa suka rage a wuyansa. Saboda haka bai kamata ɗan kasuwa ya kai rance ko uwar kuɗin sana'arsa wannan kasuwa ba, kome daɗin farashi.

Jiran ma ba kullum yake fid da mutum ba. A watan Agusta 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu.