Ɗari ya shigo: mu ji ɗumi, amma kada mu sayi hayaƙi da kuɗinmu

 Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta taso, sai wuta ta yi farin jini daga Yamai har Damagaram. Mai shayi ya hura tasa, mai gadin kasuwa ya hura tasa, mai tuyar ƙosai tun asuba tana gaban murhu, a gida kuma tsofaffi da yara sun kewaye kasko. A daidai wannan lokaci ne icce ke ƙara kuɗi, a lokacin ne kuma tari da mura ke cika ɗakunan likita, gobara ta yawaita. Mun saba ɗora laifin duka a kan sanyi. Ni kuwa a ganina babban rabon laifin yana ga yadda muke hura wutar, kuma gyaransa yana hannunmu.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne harshen da ɗan kasuwa ya fi ji. Hayaƙin da ke tashi daga murhu icce ne wanda bai ƙone ba. Kin biya kuɗinsa lakadan, amma bai dafa miki komi ba, bai ɗumama kowa ba, ya bi iska. Masana sun auna murhun duwatsu uku da muka gada, suka tarar zafin da ke isa ga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wane ɗan kasuwa ne zai sari buhu goma na gero, takwas su zube a hanya, gobe kuma ya sake ba wa mai amalanken nan kaya? To abin da muke yi ke nan da icce kullum safiya.

A ce mai tuwo-tuwo tana ƙona icce na dala 100 a yini, wato sefa 500. A ce kuma gyaran murhu da kula da wuta sun rage mata kashi ɗaya cikin biyar kaɗai. Dala 20 ke nan kullum, jika 3 a wata, sama da jika 36 a shekara. Wannan kuɗi jari ne ga mai ƙaramar sana'a, yana iya sayen akuya ko ya biya wa ɗiya kayan lakwal.

Abu na farko da ke jawo wannan hasara shi ne ɗanyen icce. Iccen da aka saro yanzu, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka sa shi a wuta, sai wutar ta fara busar da ruwan tukuna kafin ta ba da zafi, shi ya sa za ki ji yana kuka, kumfa na fita daga bakinsa, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Busasshen icce na ƙwarai ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Gane shi ba wuya: bai da nauyi a hannu, bakinsa ya tsattsage, idan kuma aka gwara guda biyu sai su yi ƙara mai kaifi. Wanda ya sayi ɗanye don ya ga damin ya fi girma, ruwa ya saya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda kuma yake da ɗan fili a gida, ya sayi iccensa tun da kaka, ya faskara shi ƙanana, ya jera a kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, iskar hunturu za ta busar masa da shi kyauta.

Abu na biyu shi ne iska. Wuta tana numfashi kamar mutum. Idan aka cusa mata manyan gungume, toka kuma ta toshe ƙasan murhu, sai ta shaƙe ta koma hayaƙi. Ƴan faskare biyu ko uku da ake turawa sannu a hankali sun fi dami guda da aka zuba gaba ɗaya. A kwashe toka kafin a hura, a kare murhu daga kaɗawar iska, a rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake tun dare. Idan an gama aiki, sauran bakin wutar a binne shi da yashi, gobe ya yi amfani. Sannan ina roƙon iyayenmu mata da su daina kunna wuta da leda ko guntun taya ko tsohon takalmin roba. Hayaƙinsu guba ne, kuma yana sauka a kan abincin da ake sayar wa jama'a. Kara da ƙirare da busasshiyar ciyawa sun isa kunna kowace wuta.

Abu na uku shi ne murhun kansa. Wannan ba sabon zance ba ne a ƙasarmu. Tun cikin shekarun 1980 aka fara yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙeranmu ke ƙerawa da tsohon tano, da kuma murhun laka mai suna Albarka, wanda mace za ta iya ginawa da hannunta da yumɓu da ƙaiƙayi da kashin dabbobi. Dabarar guda ce: a killace wutar, a tilasta wa harshenta ya lashi gindi da gefen tukunya maimakon ya watse. Sharaɗinsa shi ne tukunya ta dace da girman murhu. Abin mamaki, shekaru kusan arba'in ke nan, amma har yau idan ka zaga bayan rumfunan masu abinci, duwatsu uku za ka fi gani.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce murhun da ya killace wuta bai ɗumama mutane kamar buɗaɗɗiyar wuta, alhali a watan Janairu ɗumin ake nema. Haka ne, murhun ƙarfe an yi shi ne don girki. Amma murhun laka mai kauri yana shan zafi ya riƙe, ya yi ta sakinsa a hankali bayan wuta ta mutu, kamar yadda bangon ɗakin ƙasa ke riƙe zafin rana har cikin dare. Wannan ɗumi ne marar hayaƙi. Haka kuma idan aka sa tubali ko dutse a gefen murhu lokacin girkin dare, aka naɗe shi da tsumma mai kauri, aka ajiye wajen ƙafafun tsoho, zai yi masa aikin da kasko ke yi ba tare da haɗari ba. Wanda kuma dole sai ya hura wuta a cikin ɗaki, to ya nemi maƙeri ya yi masa murhu mai ƙofa da bututun da zai fitar da hayaƙi waje. A tabbata bututun bai taɓa zana ko azara ko bunu ba, kuma a riƙa kakkaɓe kunkunniyar da ke taruwa a cikinsa, domin idan ta yi yawa tana toshe shi, tana kuma iya kamawa da wuta.

Wasu kuma za su ce hayaƙi na korar sauro, yana kuma hana gara cin rufin ɗaki. To amma a wane farashi? Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya, cikinsu har da yara ƴan ƙasa da shekara biyar fiye da dubu 237. Hukumar ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa a wannan shekaru, hayaƙin nan yana da hannu a ciki. Mu dubi mai tuyar waina da goyo a bayanta: abin da ta shaƙa, shi jaririn ke shaƙa, alhali huhunsa bai yi ƙwari ba. Maganin sauro gidan sauro ne. Jan ido da tarin da ba ya ƙarewa da muke gani ga matan da suka daɗe a sana'ar wuta, ba tsufa kaɗai ke kawo su ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, ina roƙon duk wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba. Da yawa daga cikinmu suna zaton idan icce ya gama hayaƙi ya zama garwashi, ko kuma an yi amfani da gawayi, to haɗari ya wuce, sai a shigar da kasko ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a kwanta. Wannan shi ne tarkon. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira monoksid na karbon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga jini, tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa abin da yake rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komi, daga barcin sai a wuce. Sau da yawa idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare, akan ce abinci ne ko iskokai, alhali kaskon da ke kusurwa ne. Maijego da jaririnta, waɗanda muka fi tsananta wa da rufe ɗaki don tausayi, su suka fi shiga wannan haɗari.

Saboda haka doka ɗaya ce, ba ta da sassauci: ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. A ji ɗumi ƙofa a buɗe, idan barci ya zo a fitar da kasko waje a kashe, a ƙara bargo. Idan kuwa aka tarar da wani ya galabaita a ɗakin da ke da wuta, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari nan take, a kai shi likita ko da ya ce ya warware.

A kasuwa ma haka zancen yake. Rumfunanmu na zana da katako da leda ne, suna manne da juna, iskar hunturu kuma ba ta jiran kowa. Mutanen Yamai ba su manta ba, babbar kasuwarsu ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Kowace irin wuta ce ta tashi, dukiyar shekaru takan tafi cikin dare guda. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata shugabannin kasuwanni su keɓe wa masu gadi wurin jin ɗumi nesa da rumfuna, da murhu mai kariya, da yashi da ruwa a kusa, kuma kowa ya riƙe lambar ƴan kwana-kwana, 18.

Akwai masu cewa a bar icce kawai a koma gas. Madalla ga mai hali, kuma tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 tukunyar gas ta shiga gidaje da dama a birane. Amma gaskiyar magana, fiye da gida 9 cikin 10 a Nijar da icce da gawayi da kara suke dafa abinci, kuma ba gobe za su daina ba. Tunda haka ne, gara mu iya ƙona shi. Iccen nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Sabara da geza da taramniya da ake lodawa a motoci daga daji suke, kuma kullum tafiyar ƙara nisa take, nisan kuwa mai saye ke biyansa. Tun 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin icce na karkara don mutanen ƙauye su kula da dazukansu su kuma ci moriyarsu. Manoman Maraɗi da Damagaram kuma sun nuna wa duniya abin koyi: tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna yi musu sassabe mai kyau, har aka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Bai dace manomi ya yi shekaru yana renon icce, mu kuma mutanen gari mu mai da shi hayaƙi cikin dare guda ba.

Kirana ga mata shi ne kada a jira wani furoje. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun tabbatar da cewa da ɗan zubin mako mata na iya yin abin da ya gagari mutum ɗaya. A ware zagaye guda na adashi don sayen murhu, a je wurin maƙeri a ƙungiyance a sami ragi, wadda ta iya ginin murhun laka ta koya wa maƙwabtanta. Masu sayar da icce su ware busasshe daban da ɗanye, kowanne da kuɗinsa, domin mai gaskiya ba ya rasa abokin ciniki. Maƙera su ƙera murhu mai bututu da talaka zai iya saye. Magadan gari da gidajen rediyo kuma su riƙa yin gargaɗi kan kwana da garwashi tun watan Nuwamba, kamar yadda ake gargaɗin zazzaɓin cizon sauro kafin damina. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya fitar da mu wannan ɗari lafiya, mu da iyalanmu baki ɗaya.