Me Ya Sa Talaka Ya Ke Riga Mai Mulki Tsufa?

Ku dubi ɗan dako mai shekara 45, sa'an nan ku dubi babban ma'aikaci sa'ansa. Ɗaya ya ranƙwafa, haƙora sun zube, gwiwa ta ƙi, ɗayan kuwa kumatu sumul, sai ka ce ƙanensa ne na bayan baya. In mun yi magana a ce mana haka Allah ya rubuta. To, ba mu musun ƙaddara, kuma kowa ya daɗe a duniya sai ya tsufa. Amma masu bincike sun daɗe suna tonon yadda jiki ya ke tsufa, abin da suka gano kuwa ya kamata ya shiga kunnen kowane ɗan jam'iyyar nan.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda su ke rabuwa biyu biyu domin su maye gurbin waɗanda suka mutu. A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya reni irin waɗannan ƙwayoyi cikin kwalba, ya tarar suna rabuwa kamar sau 50, daga nan sai su tsaya cik. Daga baya aka gane dalili. A bakin zaren gado da ke cikin kowace ƙwaya akwai wani abu wai shi telomiya, watau kamar kalmasar bakin zane wadda ta ke hana shi warwarewa. Duk sa'ad da ƙwaya ta rabu, sai kalmasar ta ɗan ragu, in ta cinye kuwa ƙwaya ta tsufa ke nan. Elizabeth Blackburn da abokan aikinta biyu sun sami lambar Nobel a 2009 sabo da wannan bincike.

Ga inda maganar ta shafe mu. A 2004 ita Blackburn ɗin da wata masaniya, Elissa Epel, suka auna jinin mata 58 a Amurka, mafi yawansu masu jiyyar ɗa ne mai ciwon da ba ya warkewa. Suka tarar waɗanda suka fi zama cikin ƙunci da damuwa kalmasarsu ta fi gajarta, kamar an ƙara musu shekara 10 a kan shekarunsu. Ashe wahala ma tana cin jiki kamar yadda gara ta ke cin azara.

In wani ya ce mata 58 sun yi kaɗan, to, ga na Ingila. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a Landan, dukansu masu albashi, dukansu da asibiti kyauta. Bayan shekara 10 Michael Marmot da 'yan'uwansa likitoci suka yi lissafi, suka ga masinjoji da masu gadin ƙofa suna mutuwa wajen ninki uku na manyan sakatarori, ciwon zuciya kuwa shi ne kan gaba. Wannan fa masinja ne mai albashi da fansho a Ingila. Ina kuma ga mai tallar goro a nan, wanda ya ke kwana da tunanin kuɗin rumfa da na haraji da abin da yara za su ci gobe?

Attajiran duniya sun gane darajar wannan ilmi. Kamfanin Google ya kafa Calico a 2013 domin binciken tsufa, wani kamfanin kuma, Altos Labs, ya buɗe a 2022 da dala biliyan 3. Ba mu ƙi ba, Allah ya ba su sa'a. Amma har yau babu ƙwayar magani da aka tabbatar tana mai da tsoho yaro, sabo da haka duk wanda ya zo kasuwa da lasifika yana sayar da maganin tsufa, ku riƙe kuɗinku. Abin da ke kayar da tsofaffinmu sananne ne: hawan jini da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, da yanar ido. Awon jini ba ya cin minti biyar, maganinsa yana da araha, yanar ido kuma aikin ɗan lokaci ne mutum ya koma gani.

A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Nijeriya ce mai masaukin baƙi, har yau kuwa ba ta cika ba. Su in kansu ya yi ciwo sai jirgin sama, mu kuwa sai jiƙo da haƙuri.

Sabo da haka mu ke neman abu uku. A sa ma'aikacin lafiya a kowace kasuwa ran cinta, ya auna hawan jini da sukari kyauta, daga cikin kuɗin rumfar da mu ke biya. A ajiye maganin waɗannan cututtuka a kowane ɗakin shan magani na ƙauye. A kuma yanka wa tsohon manomi da tsohuwar 'yar kasuwa abin sawa a baki duk wata, yadda a ke yi wa tsohon ma'aikaci.

Kafin a yi haka, duk wanda ya haura 40 ya je a auna jininsa, ya kuma ja mahaifiyarsa su tafi tare. In mai neman ƙuri'a ya zo rumfarku, ku tambaye shi waɗannan uku, in ya kama kame-kame ku san inda za ku ajiye shi. Allah ya ba talakawa sawaba, ya sa mu yi tsufa mai kyau, amin.